Manasse Dzarma da Malamin da Bai Taɓa Gani Ba

Tafireta shida ne a ɗakin akawuna, kuma daga ƙarfe takwas na safe har a tashi ba sa yin shiru. Wanda ya daɗe a ɗakin, kunnensa kan saba har ya daina jin su. Shi ya sa kusan ba wanda ya lura cewa ran Litinin da ran Alhamis, wajen ƙarfe sha ɗaya, ɗaya daga cikinsu takan tsaya. Ba ta daɗewa, kamar dai mutum ya ja numfashi ya sauke. Ta bakin taga ce, ta Manasse Dzarma, kuma lokacin da take tsayawa shi ne lokacin da Baba Ba'ana masinja yake shigowa da jakar wasiƙu daga gidan waya. Manasse ba ya ɗaga kai. Yatsunsa ne kawai ke tsayawa a sama, sai Ba'ana ya wuce teburinsa bai ajiye komai ba, sannan su koma bakin aiki.

A farkon shekarar 1987 ke nan, a wata ma'aikatar gwamnatin jiha a Maiduguri.

Manasse Margi ne, daga wani ƙauye kusa da Lassa. Shekararsa arba'in da ɗaya, goma sha tara daga ciki a kan wannan kujerar ya yi su. Aikinsa kwafi: a miƙo masa wasiƙa da rubutun hannu, ya buga ta yadda take, guda uku da takardar kabon. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ko babban jami'i ne ya yi kuskure a rubutunsa, Manasse kan buga kuskuren yadda ya gan shi, sai ya ɗiga ɗan fensir a gefe, wanda ya ga dama ya gani. Tun a makarantar mishan ya taso da haka. Malam Jonathan, wanda ya koyar da su a aji bakwai, yakan ba su aya su haddace, kuma duk wanda ya sauya kalma ɗaya sai ya miƙo tafin hannu. A wurin Manasse, mayar wa babba maganarsa daidai yadda ya faɗe ta, shi ne ladabi.

Ɗaki ɗaya yake haya a unguwar Bolori, tsakanin wani tela da wani mai gyaran rediyo. Matarsa Salomi da 'ya'yansu huɗu suna gida suna noma, sai Kirsimeti yake ganin su. Da wannan aikin ne manyan yaran biyu suke makarantar kwana. Ran Lahadi yakan je coci, ya zauna a benci na uku daga baya, a tashi ya gaisa da mutane, ya dawo ya tuƙa tuwon mutum ɗaya. Ba ya faɗa da kowa, ba kuma wanda zai ce ya san cikinsa.

A watan Janairu aka kawo injin kwafi ma'aikatar, aka ba shi ɗaki nasa har da fanka. Bayan mako guda Malam Audu, shugaban akawuna, ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya karanta musu sanarwa. Duk mai buga tafireta da ba shi da takardar da ta wuce ta firamare, an ba shi zuwa ƙarshen Disamba. Ko ya kawo satifiket na gaba, ko ya kawo shaidar cewa an yarda ya zauna jarrabawarsa. Wanda bai kawo ba, za a sallame shi.

Ba shi da halin barin aiki ya koma aji. Sai ya ga talla a jarida, ta wata kwaleji a Ibadan da ke koyar da aikin ofis ta gidan waya. Ya rubuta musu, suka aiko masa da ƙunshi: ƙananan littattafai goma sha biyu, kowanne darasi guda da tambayoyi a ƙarshensa. Dokarsu a fili take. Ɗalibi zai amsa tambayoyin ya aika, malami ya duba ya ba da maki cikin ashirin, goma shi ne ci. Sai wanda ya ci takwas cikin sha biyun za a ba takardar shiga jarrabawa, kuma darasin da aka faɗi ba a sake shi.

Da ya karanta darasin farko har ya ji daɗi, don duk amsoshin suna nan cikin littafin, sai dai mutum ya nemo su. Bayan an tashi aiki ya zauna a tafiretarsa, ya buɗe littafin a gefen hagu kamar yadda yake buɗe kowace wasiƙa, ya buga amsoshin ba tare da ya bar ko waƙafi ba. A bayan takardar akwai wani ɗan fili da aka rubuta wa "Tambayoyi ga malaminka". Ya buga: "Babu tambaya, na gode, ranka ya daɗe." Ya sa a ambulan, ya liƙa kan sarki, ya ba Ba'ana.

Wasiƙa kan yi kusan mako uku kafin ta isa Ibadan, ta yi wani ukun kafin ta dawo. Manasse kuwa mutum ne da ba ya barin aiki ya kwana a teburinsa. Duk mako biyu sai ya aika darasi. Kafin na farko ya dawo, huɗu sun tafi.

Ran wata Alhamis a tsakiyar Maris, Ba'ana ya tsaya a teburinsa. Dattijo ne Babarbare, dogo, da jar hula da ta koɗe, ya fi kowa daɗewa a ma'aikatar.

"Wushe, Akawu," ya gaishe shi da Barbarci, yana kaɗa ambulan a sama. "Budurwar Ibadan ta amsa. Wasiƙa huɗu ka aika kafin ta kula ka. Ni a zamaninmu ɗaya ake aikawa, da turare."

"Baba, karatu ne."

"Haka kowa ke cewa. Zan gaya wa Maman yara."

Manasse ya yi murmushi ya sa ambulan a aljihu. Sai da aka fita hutun rana ya zagaya bayan ofis, inda akwai wani benci ƙarƙashin darbejiya, ya buɗe. A saman takardar an rubuta biyu da jan biro, an kewaye. A ƙasa, da Turanci, cikin rubutu mai kwanciya gefe: "Maki biyun na tsabtar aiki ne. Sauran maganata ce ka dawo mini da ita. Na san abin da na rubuta. Abin da ka fahimta nake nema." A bayan takardar kuma, ƙarƙashin "Babu tambaya", an rubuta: "Me ya sa babu?" An sa hannu da suna ɗaya tak, Onuora. Ko namiji ne ko mace, yaro ne ko tsoho, Manasse bai sani ba, kuma har ya gama karatun bai sani ba.

Ya karanta sau uku. Shekara goma sha tara ana yabonsa a kan abin nan da yau aka ba shi biyu. Can sai wani abu ya faɗo masa: sauran ukun suna hanya, kuma duk haka ya yi su.

Suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, duk mako biyu, shi kuwa ya riga ya san abin da ke ciki tun kafin ya buɗe. Na biyu, biyu. Na uku, biyu, da layi ɗaya: "Duba abin da na faɗa maka a baya." Na huɗu ya zo a ƙarshen Afrilu, ba ko makin tsabta. "Kana karanta abin da nake rubuto maka kuwa?" Wannan ta fi yi masa ciwo. Mutumin da ke can bai san cewa kafin gargaɗinsa ya iso, takardun sun riga sun bar Maiduguri ba. Yana ganin taurin kai ne. Kuma babu ƙofar da Manasse zai je ya ƙwanƙwasa ya cire hula ya yi bayani.

Saura darasi takwas, kuma takwas ake nema. Ko ɗaya ya sake faɗi, shi ke nan.

Ran Asabar da safe ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, keken tela na ƙara ta dama, rediyo na shiii ta hagu. Ya buɗe darasi na biyar ya ce yau da kalmominsa zai rubuta. Ya fara layi ɗaya, idonsa ya koma littafin, hannunsa ya bi idon. Kafin ya ankara ya kwafe rabin shafi. Ya yaga. Ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin katifa, ya zauna yana kallon farar takarda. Duk jimlar da ta zo masa sai ya ji ba ta kai ta littafin ba, kuma wane ne shi da zai gyara wa masu ilimi magana? Bai yi minti goma ba ya tashi ya ɗaga katifar. Asabar biyu suka tafi haka. Ya fara rubuta wa Salomi abin da ke faruwa, sai ya tuna ɗansu ne zai karanta mata, ya fasa.

A tsakiyar Mayu, ana cikin azumi, ga zafi kamar ƙasa za ta tsage, Ba'ana ya same shi a bencin nan ran Juma'a da littafin a cinya.

"Akawu, kai ma taya mu azumin kake yi? Kwana nawa ban ga ka sayi ko ƙosai ba."

"Ba na jin yunwa, Baba."

"Ta ƙi ka ke nan."

Manasse bai yi niyyar faɗa ba. Amma wata biyu ke nan maganar na cikinsa ba ta da mafita, sai ya ji tana fitowa da kanta. Ba'ana ya zauna, ya cire takalmi ɗaya, yana saurare.

"To ni ban ga laifin mutumin nan ba," ya ce da aka gama. "Ya aike ka, ka dawo masa da aikensa."

"Abin da ya rubuta daidai ne, Baba. In na taɓa shi ɓata shi zan yi."

"Ji mana. Shekara talatin ina kai saƙo a gidan nan. Oga zai ce, je ka gaya wa wancan sakaran direba in bai fito da mota yanzu ba ya kuka da kansa. Direban nan Shuwa ne, da wuƙa a damtse. In na ɗauki bakin Oga na kai masa, wa zai raba? Sai in je in ce, ɗan'uwa, mutumin naka ya tashi da zafi yau, taimaka ka fito da mota. Mota ta fito ko ba ta fito ba?"

"Ta fito."

"To. Ni sai na gane abin da ake so tukuna nake ɗaga ƙafa. Kai kuwa shekara nawa takarda na shiga ta idonka ta fita ta yatsunka, ba ta taɓa yada zango a kanka ba. Me littafin ya ce?"

Manasse ya kai hannu zai buɗe, Ba'ana ya fizge littafin ya zauna a kai.

"Ni ban yi boko ba. Faɗa mini da baki."

Manasse ya soma jero Turancin da ya haddace.

"Kai, kai! Na yi kama da Bature? Da Hausa, yadda tsoho mai azumi zai gane."

Sannan a hankali, yana tuntuɓe, Manasse ya ce darasin a kan ajiyar wasiƙu ne. Ana so a tara su bisa abin da suke magana a kai, kowace magana da fayil ɗinta, don wanda zai nema bayan shekara biyar ba zai tuna ranar da aka rubuta ba, amma zai tuna maganar. Ya ce kamar lokacin da aka kwana uku ana neman takardar gyaran rijiyar burtsatse, ashe an cusa ta cikin wasiƙun watan Yuni.

"Na tuna, ni aka zaga," in ji Ba'ana. "To in wasiƙa ɗaya ta yi maganar rijiya ta kuma yi maganar mota fa? Yaga ta za a yi biyu?"

Littafin bai faɗa ba.

"Ina jin... sai a yi mata kwafi, a sa ɗaya nan ɗaya can."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Ina ji."

"To tambayi budurwar taka. Ba don haka take cin kan sarkinka ba?" Ya jawo littafin ya jefa cikin jakar wasiƙu. "Wannan zai kwana gidana a Ajilari. Ran Litinin ka kawo amsa, in ba ka abinka."

Wannan Asabar ɗin babu abin ɗagawa a ƙarƙashin katifa. Manasse ya rubuta da biro, yana faɗar abin da Hausa a ransa kamar Ba'ana na gabansa, sannan ya nemi Turancinsa. Ya soke, ya sake, ya soke. Ya sa labarin rijiyar burtsatse, ya cire, ya mayar. A filin tambaya ya rubuta tambayar Ba'ana, alhali tun da yake bai taɓa tambayar malami abin da malamin bai faɗa ba. Da ya duba shafukan, bai taɓa fitar da aiki mai muni haka ba. Ran Litinin ya zo da niyyar ya karɓi littafin ya ɗan gwada kafin ya aika. Ba'ana ya ƙi. Sai da ya ga an liƙa ambulan, ya sa a jaka, sannan ya miƙa masa littafin.

Lokaci ba zai bar shi ya jira sakamako ba. In ya tsaya jiran kowanne mako shida, Disamba za ta wuce shi. Ya zauna da kalanda ya raba: darasi ɗaya duk mako uku. Mako biyu yana karantawa bayan an tashi aiki, ran Juma'a ya faɗa wa Ba'ana a benci, ran Asabar ya rubuta. Haka na shida ya tafi, haka na bakwai, bai san ko sabuwar hanyar ma ɓata ce ba.

A ƙarshen Yuni aka liƙa sunayen farko na waɗanda za a sallama: masu gadi da masinjoji da shekarunsu suka ja. Sunan Ba'ana ne na biyu. Ya zo ya yi sallama da ɗakin akawuna tebur tebur, da raha kamar kullum. A teburin Manasse ya ɗan daɗe.

"Ƙauye zan koma, wajen Magumeri. Awaki na jira na."

"Baba, in sakamakon ya zo, ta ina zan sanar da kai?"

"Wa zai karanta mini? Ka ci kawai. Kuma ka riƙa cin abinci, Akawu, ka zama kamar sandar rake da aka tsotse."

Bayan kwana tara direba ya kawo wasiƙu, ya zube su a teburin Malam Audu, kowa ya je ya tona. Manasse ya ɗauki tasa ya zagaya baya. Sha ɗaya. "Turancinka ya karye a wuri tara, na ja layi. Amma yau na ji muryarka. Misalin rijiyar ya yi kyau." A bayan takardar, Onuora ya cika rabin shafi yana amsa tambayar: kwafi ya yi, amma akwai hanyar da ta fi, a ajiye wasiƙar a fayil ɗaya, a sa 'yar takarda a ɗayan mai nuna inda take. A ƙarshe ya ƙara: "Tambaya mai kyau. Ka ci gaba da yi."

Manasse ya juya gefensa na dama a kan bencin, bakinsa har ya buɗe. Ganyen darbejiya ne kawai a wurin. Ya ninke takardar ya koma ciki.

Bai bar tsarin ba. Ran Juma'a, in kowa ya watse, yakan kulle littafin a durowar teburinsa, ya je bencin ya zauna a gefe ɗaya, ya faɗi darasin da Hausa ƙasa-ƙasa. In ya gama sai ya nemi tambayar da tsohon zai yi, irin mai sa mutum ya buɗe baki ya rufe. Sabon mai gadi ya ɗauka addu'a yake yi, yakan bi ta nesa don kada ya katse shi. Damina ta zo, wani lokaci a tsaye yake yi ƙarƙashin rumfar kekuna. Sakamako na ta zuwa: sha biyu, sha ɗaya, sha uku. Na tara ya zo da goma cif, ranar bai iya cin tuwonsa ba. A filin tambaya na darasi na goma ya yi ƙarfin hali ya bayyana yadda huɗun farko suka riga gargaɗin tafiya. Amsar ta zo a layi biyu: "Ban yi wannan tunanin ba. Ka yi haƙuri da abin da na rubuta." Ya daɗe yana kallon layin. Babba bai taɓa ba shi haƙuri a rubuce ba.

Na sha biyu ya tafi a tsakiyar Oktoba. Nuwamba ta ƙare bai dawo ba. Uku daga cikin abokan aikinsa sun riga sun fara kwashe kayansu daga durowa. Malam Audu ya tsaya a kansa sau biyu ya ce, "Dzarma, ina takardar? Ni sunaye zan miƙa." Sai ran goma ga Disamba ambulan ya zo, ya fi na kullum kauri, gefensa ya jiƙe ya bushe. Sha huɗu. A bayansa ga takardar shiga jarrabawa, da sunansa da hatimi. Onuora ya rubuta: "Aikina da kai ya ƙare a nan. Allah ya ba da sa'a."

Ya kai wa Malam Audu. Ya same shi yana magana a tarho. Malam Audu ya karɓa da hannu ɗaya, ya duba, ya jawo jerin sunayen waɗanda za a sallama, ya ɗora rula ya ja layi a kan na Manasse, ya yi masa alama da kai cewa ya tafi. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Ya tsaya a baranda da ambulan a hannu. In ya rubuta wa Salomi, shi zai riga wasiƙar isa gida, don saura mako biyu Kirsimeti. A ɗakin akawuna kuwa ba ranar murna ba ce. Ya koma ya ƙarasa aikin da ke gabansa har aka tashi.

Da la'asar ya hau kekensa zuwa Bolori. Ya tsaya a bakin hanya ya sayi busasshen kifi da kuɓewa. Tela ya rufe ya tafi ta'aziyya, mai rediyo na fama da wani abokin ciniki. Manasse ya ɗebo ruwa a bokiti, ya cire farar rigarsa ta aiki, ya wanke wuyanta da sabulu sau biyu, ya shanya a igiya, don gobe akwai aiki.